Hannuna Ya Ƙi Ni a Paraku

Idan aka tambaye ni abin da ya fi ƙona mini rai a zaman da na yi a ƙasar Benin, ba zan ce yunwa ba, ba kuma zan ce jandarmomin hanya ba. Abin da ya ishe ni shi ne duk wanda na gamu da shi likita ne. Mai shayi likita, direba likita, mai sharar masallaci likita. Kowa ya san abin da ke damuna, kowa da sunan da ya raɗa masa, amma ba wanda ya ce mini in je a auna ni.

Sunana Lawali, mutumin Lolo, tela. Surfanin keke na iya, aikin wuyan riga da gaban babbar riga. Ban cika shekara talatin ba lokacin da na ƙetare iyaka ta Madekali. Na bar matata Kulu da ƙaramin ciki a hannun Inna, mahaifiyata. Tare muka tafi da Garba, abokina ɗan Kende, wanda ba shi da wata sana'a da ta wuce baki.

Zangonmu na farko Malanbil. Wani mutum da muka haɗu da shi a kasuwar Lolo ne ya ce yana da shago cike da kekuna, ma'aikata kawai yake nema. Da muka isa sai ya kai mu wata rumfa da aka jibge buhunan albasa har rufi.

Na ce, "Maigida, ina kekunan?"

Ya ce, "Suna hanya daga Kwatano. Ku ɗan taɓa dako kafin su iso."

Muka taɓa dako har kafaɗata ta yi kanta. Kekuna ba su iso ba, har yau ina jin suna hanya. Abincinmu a can taliyar leda ce safe da rana, a zuba gishirin da ke cikin ledar, a ƙara dunƙule, a jefa busasshen kifin da shi ma gishiri ne ya riƙe shi. Idan jiki ya mutu sai mu sha lemon gwangwanin nan da 'yan dako ke cewa yana ƙara ƙarfi, mu bi shi da goro. A nan na fara jin ƙeyata tana nauyi, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na gaya wa Garba, ya ce, "Warin albasa na. Kowa hakanan shike ji." Na sayi farasitamol a tire na ci gaba.

Da muka gane ba keke ba dalilinsa, muka hau motar shanu zuwa Kandi. A tashar Kandi ne abin ya fara taɓa ni. Ina zaune a bencin mai shayi, kofi a hannun dama, sai na ga kofin a ƙasa, shayi a kan ƙafata. Ban ji lokacin da na sake shi ba. Na so in ɗauka, yatsun suka ƙi haɗuwa. Kafin mai shayi ya gama faɗan kofinsa, hannun ya dawo kamar ba a yi ba.

Mai shayi ya ce sanyi ne ya shige ni, in sha citta. Wani direba da ke gefe ya ce basir ne ya hau sama. Garba ya ce yunwa. Ni kuma na ce ƙila kwanciya na yi a kan hannun a cikin mota. Muka yi dariya, muka wuce.

A Paraku Allah ya haɗa ni da keke. Wani ɗan ƙasarmu da ya daɗe a can, ana ce masa Alhaji Bawa, yana da shagon ɗinki a bayan babbar kasuwa. Ya ba ni ƙyalle ya ce in yi masa fure. Da ya ga aikin sai ya nuna mini keken da ke kusa da ƙofa ya ce, "Zauna nan." Garba kuwa ya samu aikin guga. Wallahi ranar na ji kamar an mayar mini da sunana. Na kira Kulu na gaya mata, ta ce cikin ya fara motsi, na ce ta gaya masa ubansa ya samu keke.

Aiki ya yi yawa saboda salla ta matso. Tun hantsi ina duƙe a kan keke, ba na tashi sai salla. Ƙeyar tana nan, wani lokacin har da jiri, amma wa ke sauraron ƙeya alhali riguna sun taru?

Wata ranar Laraba bayan azahar ina aikin wuyan wata farar shadda, rigar ango ce, sai na ga zaren ya kauce daga zane. Ina kallon hannuna yana zamewa daga kan yadin, ina ce masa tsaya, bai san ina yi ba. Ƙafata tana kan keke, allura ta ci gaba da tafiya, ta keta furen ta shiga inda ba a aike ta ba. Na juya in ce wa Garba ya zo. A cikin kaina maganar a fili take, amma abin da ya fito daga bakina ko ni ban gane shi ba. Miyau ya zubo mini ta gefe ɗaya.

Garba ya ajiye dutsen guga ya zo a guje. "Lawali! Mi as same ka? Bakinka ya karkace!"

Aka kwantar da ni a kan tabarma, wani ya watsa mini ruwa, wani yana tofa mini addu'a. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Ba mutuwa na tuna ba. Hannun na tuna. Tela da ba shi da hannun dama mene ne shi? Da me zan karɓi abin da Kulu za ta haifa?

Kafin a kira la'asar bakin ya koma daidai, hannun ya dawo. Na tashi zaune na ce a ba ni ruwa, kowa ya ji abin da na ce. Nan fa aka buɗe asibiti a cikin shago.

Alhaji Bawa ya ɗaga rigar angon yana jujjuyawa. Ya ce, "Lawali, gaya mini gaskiya. Ƙwaya kake sha?"

Na ce, "Alhaji, wallahi ko sigari ban taɓa sa wa a bakina ba."

Ya ce, "Duk haka kuke cewa. Yaro kamarka, jini a jika, ya faɗi yana dalalar da miyau, in ba ƙwaya ba mene ne?"

Garba ya tare mini, amma da tasa fassarar. "Alhaji, ba ƙwaya ba ta. Iska na. Ɗakin da muke kwana akwai tsamiya bayanai, na daɗe ban yarda da ita ba."

Washegari Garba ya ja ni wurin wani mai magani a bayan gari. Mutumin ya lulluɓe ni da bargo, ya tura mini kasko da hayaƙi har na kusa shiɗewa. Da aka yaye bargon ya ce in ɗaga hannu. Na ɗaga. Ya dubi Garba ya ce, "Ka gani? Ya fita." Na ce, "Malam, ai tun jiya yake ɗaguwa." Ya ce wannan gardamar ma ba ni ke yin ta ba, ragowarsu ce.

Garba bai tsaya nan ba, sai da ya buga wa Inna waya. Ranar ban huta ba.

"Lawali, ashe abin da ac cikin wanga tahiya ke nan? Na sani! Tun ran da telan nan na bakin kasuwa yag gaishe ni har ƙasa nis san da magana. Jifa na anka yi maka."

"Inna, ba wanda ya jefe ni."

"Kai ka sani ko ni da nih haife ka? Ga rubutu nan da garin magani zan ba direba. Ka sha da kunu, ka shafa ga hannun."

Jarka ta iso, na sha, don ba na iya ce wa Inna ban sha ba. Kwanaki suka wuce lafiya. Mai hayaƙi ya ce aikinsa ne, Inna ta ce nata ne, Alhaji Bawa ya ce na daina ƙwaya ne. Kowa ya ci nasara a kaina. Aka ɗauke ni daga surfani aka mayar da ni kan ɗinkin wando, wai kada in sake ɓata shaddar mutane.

Akwai wata mata da ke sayar da tuwon masara da miyar gyaɗa a ƙofar layinmu, Mama Bake. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta gutsi-gutsi, amma tana jin Dendi, ni ma ina taɓawa kamar duk ɗan Lolo. Mace ce mai faɗa. In ka bar mata loma a kwano sai ta tambaye ka ko uwarka ta fi ta iya miya. Tun da ta ji labarin faɗuwata take yi mini wani irin kallo, ban san dalili ba.

Wata safiya na je cin abinci, na miƙa hannu zan karɓi kwano, kwanon ya wuce ta tsakanin yatsuna ya kife. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, harshen ya yi nauyi. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ajiye ludayi, ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta ce in yi dariya. Na yi abin da na iya. Ta ce in ɗaga hannuwa biyu. Ɗaya ya tashi, ɗaya ya tsaya a hanya.

Ta kwance zanen da ta yi ɗamara da shi, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ta tura ni tsakiya, ta hau bayana ta riƙe ni. Garba ya biyo mu da gudu yana cewa, "Mama, ku dakata, yanzu shina sakin shi! Wurin malam za mu!" Ta juyo ta zazzaga masa wata magana da yarensu. Ban ji ma'anarta ba, amma Garba ya tsaya cak. Tukunyarta a buɗe ta bar ta, da masu saye a tsaye.

Kafin mu isa asibiti bakin ya sake. Na ce mata, "Mama, na warke, mu koma." Ta ce in na sake magana za ta mare ni.

A asibiti wata wahalar ce. Ba mai jin Hausa, ni ba na jin Faransanci. Ma'aikaciyar jinya ta yi magana, Mama Bake ta juya mini da Dendi, in ba da amsa, ta mayar. Aka naɗa mini abin awo a damtse, ya matse ya saki. Ma'aikaciyar ta dubi lambar, ta dube ni. Ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun. Ta sake duba. Ta fita ta ɗauko wani abin awon, ta ɗauka na farkon ya lalace. Da shi ma ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya faɗa, sai ta tafi da sauri ta kira likita.

Kalma ɗaya na tsinta a bakinsu, suna ta maimaita ta: tansiyo. Na tambayi Mama Bake, ta ce, "Jini. Jininka ya hau."

Na yi dariya. Na ce ta gaya wa likita hawan jini ciwon tsofaffi ne da masu kuɗi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Da ta gaya masa bai yi dariya ba. Ya tambayi sau nawa abin ya same ni. Na ce wannan ne na uku. Ya dafe kai. Ya yi magana mai tsawo, da ganin fuskarsa faɗa yake yi, Mama Bake tana juya mini tana ƙarawa da nata.

Abin da na fahimta shi ne: jini ne ke yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sai hannu da baki su mutu, in hanyar ta buɗe su dawo. Dawowar ba warkewa ba ce, gargaɗi ne. Wata rana hanyar za ta toshe ta ƙi buɗewa, shi ne shanyewar ɓarin jiki da nake gani a jikin mutane. Ya ce hawan jini ba ya tambayar shekaru, kuma yana iya zama a jikin mutum ba tare da ya ji komai ba. Ya ce wanda abin nan ya taɓa, a ranar ya kamata ya zo, ko da ya ji garau.

Suka riƙe ni suka yi gwaje-gwajensu, suka sallame ni da ƙwayoyin da aka ce in sha kullum, ba sai na ji ciwo ba. Aka hana ni gishiri mai yawa, da dunƙule, da lemon gwangwani. Na ce wa Mama Bake, "To me ya rage a duniya?"

Ranar da aka sallame ni ba ɗakinmu ta kai ni ba, gidanta ta kai ni. A tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro, wani mutum yana zaune a kujerar roba. Ƙaton mutum, mai faɗin ƙirji, gemunsa ko furfura babu. Hannunsa na dama a naɗe yake a kan cinya kamar an manta da shi a wurin. Ya dube ni ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, sai sauti ɗaya ya fito.

Mama Bake ta ce, "Mijina. Direban tirela ne, har Yamai yake zuwa. Shi ma sau biyu ya faɗi ya tashi. Muka ce ya warke."

Ta gyara masa hular da ta zame, ta share masa gefen baki da bakin zanenta. Mutumin ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna nawa na dama, ya girgiza mini yatsa. Na tsuguna na gaishe shi.

Na koma shago da ƙwayoyina da bayanin likita, ina ganin yanzu kowa zai yi shiru. Ina! Alhaji Bawa ya ce, "Hawan jini? Kai? 'Ya'ya nawa ka aurar? Motarka ce ta faɗi da kaya?" Mutanen shago suka kwashe da dariya, daga ranar sunana ya koma Attajiri. Garba ya ce maganin asibiti in ka fara shi ka zama bawansa, gara in sha tafarnuwa da zoɓo. Wani mai tallan magani a kwando ya biyo ni har ɗaki da wata kwalba wai tana wanke hawan jini, da basir, da shawara, da raunin mazakuta, duk a mako guda. Na ce masa in tana gyaran keke ma ya ba Alhaji.

Ƙarshe Alhaji Bawa ya kira ni gefe. Ya ce ba ya ƙina, amma ba zai iya ajiye mutumin da hannunsa ke mutuwa ba sanarwa a kan yadin mutane ba. Na ce likita ya ce in ina shan magani da wuya ya dawo. Ya ce, "Likita zai biya shaddar?" Na naɗe tabarmata. Garba ya zauna, don shi gugarsa ba ta karkace ba. Na je sallama da Mama Bake, ta ƙulla mini tuwo da miyar da ta dafa daban, ba gishiri. Wallahi ba daɗi. Na cinye tas a mota, ina ci ina share ido.

Ta Segbana na biyo na shigo gida. Na tarar Kulu ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Inna ta ce alamar ɗa namiji ce. Ni kuwa sabon yaƙi na tarar. Na ce a rage mini gishiri, Inna ta ce, "Mutum shi dawo daga wahala a ba shi lami? Mi mutane za su ce?" In na juya baya sai ta barbaɗa. Kawuna ya zo gaisuwa, ya ɗauki ƙwayoyin ya jujjuya ya ce Faransawa sun mayar da ni tsoho da ƙarfi da yaji.

Da abin ya ishe ni, lokacin da maganina ya kusa ƙarewa, na ce Inna ta shirya mu tafi asibitin Bagudo ta ji da kunnenta, da Hausa, ba da Dendi ba. Ta ce za ta, don ta ƙaryata na'urar. Kulu ta ce ita ma za ta bi mu, zaman gidan ya ishe ta, kanta ma yana ta sarawa.

Ma'aikaciyar da muka samu ta auna ni, ta ce ya sauka, in ci gaba da magani kada in kuskura in tsaya. Inna ta miƙa damtse ta ce, "Auna ni. Na girme shi, na hi shi cin gishiri." Aka auna. Lafiya lau. Inna ta dube ni da wani irin murmushi da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

"To ka gani? Ni tsohuwa ba ni da shi, sai kai?"

Ma'aikaciyar tana naɗe abin awon, sai idonta ya sauka a kan ƙafafun Kulu. Ta tambaye ta yaushe rabonta da awon ciki. Kulu ta sunkuyar da kai. Ma'aikaciyar ta ce, "Matso, ƙanwata, kawo hannun."

Na san wannan kallon. Na gan shi a Paraku. Ta dubi lambar, ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun. Ta tambayi Kulu ko tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a ido. Kulu ta ce tun shekaranjiya.

Ma'aikaciyar ta ce, "Wannan ba inda za ta. Ku je ku kawo mata kaya."

Inna ta ce, "Ɗiyar nan ko ashirin da biyar ba ta yi ba."

Ta ce, "Na sani, Inna. Ku kawo kayan."

Muka hau babur ni da Inna muka koma Lolo. Ita ta haɗa kayan da hannunta, ita ta koma ta zauna da Kulu a asibiti. Da kwanaki suka yi jinin ya ƙi sauka yadda suke so, sai suka ce ba za a jira naƙuda ba. Aka ciro yarinya, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na kyanwa. Likita ya ce mini da mun bar Kulu a gida, jijjiga ce za ta kama ta, kuma ba ya son ya faɗi sauran.

Yanzu ina da kekena a rumfa a kasuwar Lolo. Hannun bai sake ƙina ba, ni ma ban sake ƙin ƙwayar ba. Miyar gidanmu ta koma lami, kuma Inna ce ke tsaron tukunya, ko baƙo ya nemi gishiri sai ta yi masa wa'azi.

Ranar suna ina tsakar gida ina raba goro, na jiyo ta a ɗaki tana ba mata labari. Wai tun ina Paraku ta san da wani abu, shi ya sa ta dage da addu'a, Allah ya hana ni zama can, ya koro ni gida ba aiki ba komai, don in zo in kai Kulu asibiti. Ba ta ambaci Mama Bake ba, ba ta ambaci gishirin da ta yi ta barbaɗa mini ba, ba ta ce don ta ƙaryata na'ura ta bi ni zuwa Bagudo ba.

Na taka har bakin ƙofa da niyyar in gyara mata labarin. Sai na hango Kulu a zaune a gefen gado, tana ba yarinyar nono, tana dariya. Na tsaya kaɗan, na juya na ci gaba da rabon goro.